Daga Dandamali Zuwa Allon Talabijin: Tarken Baddala Wasan Soyinka Zuwa Elesin Oba

Gabatarwa

Daga cikin rassan adabi babu wanda ya kai wasan kwaikwayo wuyar koyarwa a aji, domin an ƙage shi ne don ido ya gani kunne ya ji, amma ɗalibi takarda kurum ake miƙa masa. Wannan ya sa duk lokacin da aka ji an ɗauki wani fitaccen wasa an mayar da shi abin kallo a talabijin, malamai kan yi murna, suna ganin an sauke musu nauyi: a kunna akwati, ɗalibai su zuba ido, shi ke nan an gama da littafi. Wannan maƙala ta ɗauki misali guda domin auna wannan zato. Misalin shi ne wasan Wole Soyinka mai suna Death and the King's Horseman, wato mutuwa da mai dokin sarki, wanda aka buga a 1975, da kuma Elesin Oba, fim ɗin da marigayi Biyi Bandele ya gina a kansa. Kamfanin EbonyLife ne ya shirya fim ɗin tare da Netflix, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Toronto a watan Satumba na 2022, ya kuma shiga Netflix a Nuwamban wannan shekara. Ko da yake an haska shi a gidajen sinima na ɗan lokaci, mazauninsa na dindindin ƙaramin allo ne, na talabijin ko na wayar hannu, kuma ta nan malami da ɗalibi za su tarar da shi.

Mai karatu yana iya tambayar abin da ya kawo wasan Bayarabe, wanda aka rubuta da Ingilishi, cikin rahoton da ya shafi manhajar Hausa. Dalili shi ne, a wannan baddala abubuwa biyu suka sauya lokaci guda. Wasa ya tashi daga dandamali ya koma gaban kyamara, sa'annan ya tashi daga Ingilishi ya koma harshen gida, wato Yarabanci. Ba kasafai ake samun misalin da ya haɗa waɗannan sauye-sauye biyu ba, kuma duk mai koyar da adabi cikin harshen gida yana da abin ɗauka a ciki. Baddala a nan tana nufin sake gina wani aikin adabi cikin wata siga dabam, inda mai aikin ke da damar ragewa da ƙarawa da sauya tsari. Ta bambanta da fassara, wadda ke bin matani sau da ƙafa gwargwadon iko.

Wasan a Takarda

Soyinka ya rubuta wasan ne a farkon shekarun 1970 lokacin da yake zaune a Kambirij ta Ingila, shi ne kuma ya ba da umarni a gabatarwar farko a Jami'ar Ife a 1976. Tushen labarin wani abu ne da ya auku a Oyo zamanin mulkin Turawa. Marubucin ya ambaci shekarar 1946, amma a wasan ya ja al'amarin baya kaɗan zuwa lokacin da ake cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Tun kafin shi, Duro Ladipo ya yi wasa da Yarabanci a kan wannan lamari, mai suna Oba Waja, a 1964.

Alafin na Oyo ya rasu, wata guda ya cika, kuma a daren binne shi al'ada ta ɗora wa Elesin, mai dokin sarki, ya sallama ransa ya bi ubangidansa domin ya yi masa jagora zuwa wurin magabata. A imanin mutanen wasan, idan hakan bai faru ba duniyarsu za ta goce daga turbarta. Elesin ya shigo kasuwa da maraice, makaɗa na biye, maroƙinsa Olohun-iyo na zuba masa kirari. Nan ya ƙyalla ido ya ga wata budurwa, ya ce sai an aura masa ita kafin ya tafi. Iyaloja, uwar kasuwa, ta amince duk da cewa ɗanta ne ke da alkawarin yarinyar, amma ta haɗa masa da gargaɗi. Di'o Simon Pilkings ya samu labari, ya sa aka kama Elesin. Olunde, babban ɗan Elesin, wanda ya dawo daga karatun likita a Ingila domin binne mahaifinsa, ya tarar da uban a raye cikin ankwa, sai ya ɗauki matsayinsa ya mutu a madadinsa. Da aka kawo gawar gaban Elesin, ya shaƙe kansa da sarƙar da aka ɗaure shi da ita. Fitowa biyar ce, tana kaiwa da komowa tsakanin kasuwa da unguwar Turawa har ta ƙare a kurkuku, kuma marubucin ya nemi a gabatar da ita ba tare da hutu a tsakiya ba.

A gabatarwarsa ga littafin Soyinka ya ja kunnen duk wanda zai shirya wasan kada ya taƙaita shi ga karon al'adu tsakanin Bature da baƙar fata. A wurinsa shigowar Di'o sanadi ce kawai. Ainihin gwagwarmayar tana cikin zuciyar Elesin, a mashigar da ke tsakanin rayayyu da matattu da waɗanda ba a haifa ba. Matanin ya goyi bayan wannan, domin a kurkuku, bayan Elesin ya ɗora laifi a kan Bature da kuma amarya, ya amsa da bakinsa cewa kwaɗayin duniya ya riga ya nauyaya masa ƙafafu kafin ƙarfe ya taɓa hannunsa. Wannan gargaɗi shi ne ma'aunin da ya dace a gwada kowace baddala da shi.

Ingilishi Ɗaya, Muryoyi Da Yawa

Wanda ya karanta wasan da idon mai nazarin harshe zai lura cewa Ingilishin da ke ciki hawa-hawa ne. Akwai na Elesin da Iyaloja da Olohun-iyo, mai cike da karin magana da kirari da zaurance, wanda mai karatu ya san ba Ingilishi suke yi ba, Yarabanci ne aka tufatar da kayan aro. Labarin tsuntsun nan da Elesin ya bayar a fitowa ta farko, inda kowa ke tsame kansa idan aka ambaci mutuwa, daga manomi har boka har malami, ginin tatsuniya da waƙar baka gare shi. Akwai na Pilkings da matarsa Jane, gajeru kuma busassu, harshen ofis da teburin shayi. Akwai na Saje Amusa, ɗan dokan En'e, gurguwar Ingilishi ta ƙaramin ma'aikaci, wadda ke nuna mutum mai tsaye a tsaka-mai-wuya: Musulmi ne, yaron Bature ne, amma ya ƙi yin maganar mutuwa da ubangidansa muddin yana sanye da kayan dodon egungun da aka ƙwace. Akwai na Olunde, tsararre kuma mai kaifi, na wanda ya zauna da Turawa ya ƙware a harshensu har yana yankan su da shi. Sa'annan akwai na 'yan matan kasuwa a fitowa ta uku, lokacin da suka fizge hulunan 'yan doka suka shiga kwaikwayon hirar Turawa a kulob domin su yi wa Amusa ba'a.

Wannan tsari yana tafiya ne bisa wata yarjejeniya ta ɓoye tsakanin marubuci da mai kallo. Idan Elesin da Pilkings suna hira cikin dare a fitowa ta biyar, babu mai tambayar da wane harshe suke magana, ko ina tafinta ya shiga. Dandamali ya saba da irin wannan lamuni, kamar yadda mai kallo ke yarda cewa tabarma guda fada ce. Amfanin hakan ga jigo babba ne, domin Pilkings yana jin kowace kalma ta Elesin, amma bai fahimci ko ɗaya ba. Kurumtarsa ta zuci ce, kuma da yake harshen guda ne, mai kallo ba shi da inda zai rataya laifin in ba nan ba.

Da Bandele ya zaɓi Yarabanci ya zama babban harshen fim ɗin, sai wannan yarjejeniya ta warware. Ba shi ne farkon mai mayar da wasan gida ba, domin Akinwumi Isola ya fassara shi zuwa Yarabanci tun 1994, amma fim ɗin ne ya kai wannan siga ga masu kallo a faɗin duniya. Ribar a fili take, kuma a ganina ita ce mafi girman abin da fim ɗin ya samu. Yarabanci harshe ne mai karin sauti, mai hawa uku, kuma gangar Yarabawa tana kwaikwayon hawa da saukar murya har ta faɗi magana, kamar dai yadda kalangu ke yi a wurin Bahaushe. A cikin wasan kiɗa saƙo ne. Joseph, yaron gidan Di'o, ya rikice ya kasa tantance ko na biki ake yi ko na mutuwa, domin a wannan dare duka biyun ake yi. Olunde kuma daga sauyawar kiɗa ya yanke cewa mahaifinsa ya cika. Matanin Ingilishi yana iya ba da labarin wannan dangantaka tsakanin ganga da baki, amma ba ya iya jiyar da ita, tun da Ingilishi ba ya rarrabe ma'ana da karin sauti. Da kirarin ya koma Yarabanci a bakin mawaƙi Brymo, wanda ya fito a matsayin Olohun-iyo, sai murya da ganga suka koma magana da harshe guda. Haka nan Shaffy Bello, a matsayin Iyaloja, ta samu filin yin habaici da gugar zana da nauyin da harshen uwa kaɗai ke bayarwa. Wanda ya taɓa jin kirarin sarki da Hausa, sa'annan ya ga an zuba shi cikin Ingilishi a littafin nazari, ya san irin abin da ake nufi.

Sai dai ribar ta zo da kuɗinta. A fim ɗin akan ji Bayarabe na magana da Yarabanci, Bature na mayar masa da Ingilishi, kowa kuma ya gane ɗan'uwansa ba tare da tafinta ba. Ana iya kare wannan dabara, domin ta hana Ingilishi zama dandalin da dole kowa ya zo ya durƙusa kafin a saurare shi. Amma kunnen mai kallo yanzu yana jin ɓangarori biyu, harshe biyu, a kowace musayar magana, kuma abin da kunne ya ji sau da yawa shi zuciya ke riƙewa. Rashin fahimtar da marubuci ya ajiye a zuciyar Pilkings sai ya koma kamar tazara ce tsakanin al'umma biyu, wato dai karon al'adun da aka yi gargaɗi a kansa. Matsalar ta fi tsanani a kan Olunde. Ƙarfinsa a fitowa ta huɗu, inda yake muhawara da Jane a kan kyaftin ɗin da ya tarwatsa jirgin ruwansa da kansa a ciki domin ya ceci jama'a, da kuma samarin da yaƙi ke ci a Turai, ya ta'allaƙa ne ga cewa da makamin Bature yake faɗa. Duk mai baddala wasan zuwa harshen gida tilas ya yanke hukuncin harshen da zai sa a bakin wannan saurayi, kuma ko wanne ya zaɓa akwai abin da zai zube.

Akwai kuma mai kallon da ba ya jin Yarabanci, wanda shi ne ɗalibinmu. Shi rubutun fassara da ke gudana a ƙasan allo zai bi. Ƙa'idar Netflix ga irin wannan rubutu na Ingilishi ita ce kada ya wuce layi biyu a lokaci guda, kowane layi kada ya haura harafi 42, kuma kada ya daɗe fiye da daƙiƙa bakwai. Karin magana mai rassa ba ta shiga wannan ɗan akurki sai an sassabe ta. A duba tafiyar da maganar ta yi kafin ta iso gare shi: Soyinka ya ji ta da Yarabanci a ransa ya rubuta da Ingilishi, aka mayar da ita Yarabanci domin 'yan wasa, sa'annan aka sake taƙaita ta da Ingilishi domin allo. Ɗalibin Kano ko na Aba da ya kalli fim ɗin bai karanta Ingilishin Soyinka ba, bai kuma ji Yarabancin 'yan wasa ba. Ya sha kallo, amma adon harshen da saboda shi aka sa littafin a manhaja ya wuce ta gefensa.

Abin Da Dandamali Ya Ɓoye

Wani abin lura a zubi da tsarin wasan shi ne, manyan aukuwarsa kusan duk a bayan fage suke faruwa. Ba a ganin ɗakin amarya, sai ƙyallen shaida da aka fito da shi. Ba a ganin yanka karen sarki da dokinsa, kiɗa ne ke sanarwa. Ba a ganin mutuwar Olunde, sai wani dogon ƙunshi da mata suka shigo da shi a kafaɗa. Mafi muhimmanci, ba a ganin kamun Elesin. Fitowa ta uku tana rufewa ne yana rawa a hankali, jikinsa na yin nauyi, maroƙi na yi masa magana da muryar marigayi sarki, fitila na dushewa. Daga nan sai gidan Razdan, ana liyafar rawa domin Yariman Ingila. Mai kallo yana zaune da zaton da Olunde yake da shi, cewa aikin gama ya gama, har sai da aka jiyo kururuwar Elesin daga waje. Faɗuwar gaban da ɗan ya ji, ita mai kallo ke ji, a lokaci guda. An gina wannan ne da hana ido abin da yake so.

Kyamara kuwa ɗabi'arta nunawa ce. Mai kallon talabijin ya saba a kai shi duk inda abu ke faruwa, kuma darakta yana da kasuwa ta gaske da taron jama'a da tufafin saƙi masu launi da gine-ginen zamanin Turawa a hannunsa. Elesin Oba ya yi amfani da waɗannan sosai, kuma babu laifi a ce fim ne mai kyan gani. Wanda bai taɓa taka ƙasar Yarabawa ba zai fita da hoton da littafi ba zai ba shi ba. Amma a nan ne babbar matsalar baddala wannan wasa take. Kakin ɗan doka da ankwa da ƙofar kurkuku abubuwa ne masu hoto. Raunin niyya ba shi da hoto. Idan aka jera su a allo guda, wanda ake gani da ido shi zai rinjayi wanda sai an saurari doguwar magana kafin a gane shi, ga shi kuma fim ɗin kimanin sa'a ɗaya da rabi ne, ga hotuna da ke neman nasu kason na lokaci, don haka tilas dogayen jawabai su ragu. Ɗalibin da ka tambaya me ya hana Elesin cika alkawari, in kallo kawai ya yi, amsar da ta fi kusa da bakinsa ita ce Bature ne ya hana shi. Amsar ba ƙarya ba ce, amma rabin gaskiya ce, kuma rabin da marubucin ya ce shi ne ƙarami.

Odunlade Adekola, wanda ya fito a matsayin Elesin, ɗan wasa ne da jama'a suka fi sani da barkwanci a fina-finan Yarabanci. Zaɓensa yana da hikima, domin Elesin na fitowar farko mutum ne mai son dariya da ci da sha da mata, mai cika fage. Inda aikin ke da wuya, ga kowane ɗan wasa, shi ne rawar ƙarshe. A dandamali wannan rawa tana cin lokacinta na gaskiya, masu kallo suna zaune cikin duhu tare, kiɗa na dukan ƙirjinsu, ba mai iya tsayar da shi, har su zama tamkar wani ɓangare na da'irar kasuwa. Dalilin hana hutu ke nan. A falo kuwa fitila na kunne, waya na ƙara, yaro na kuka, ana iya dakatarwa a je a dawo. Kyamara kan nemi cike wannan giɓi ta hanyar matsowa kusa da fuska, amma fuska a kusa ɗan wasa take nunawa yana aiki, alhali abin da ake so a ji shi ne mutum yana barin jikinsa.

Ga wani ƙaramin misali da ya isa darasi guda a aji. Amarya ba ta furta ko kalma ɗaya a wasan daga farko har ƙarshe. A fitowa ta biyar tana nan a bakin kurkuku, kanta a sunkuye, yayin da manya ke ta magana a kan mutunci da al'ada da doka. A dandamali ba ta gushewa daga gaban mai kallo, duk lokacin da ya ga dama zai karkata ido ya dube ta, ya tuna cewa akwai wadda ba a tambayi ra'ayinta ba. A allo, ko da 'yar wasa ta kai Omowunmi Dada iyawa, ba a ganin ta sai lokacin da mai tace hoto ya yanke ya nuna ta. Shirun da ke cika fage ya koma shirun da ake leƙawa jifa-jifa. A dandamali mai kallo ne ke zaɓen inda zai duba, a talabijin an riga an zaɓa masa.

Ba a ce babu wata hanya ba. A 1985, da Volker Schlöndorff ya ɗauki Death of a Salesman na Arthur Miller domin tashar CBS ta Amurka, tare da Dustin Hoffman, ya bar ginin gidan a yadda kowa zai gane na wasa ne, bangaye ba su haɗe ba, domin kada hoton zahiri ya danne abin da ke gudana a kan tauraron. A 2009 kuma, da aka gabatar da wasan Soyinka a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Landan, baƙaƙen fata ne suka shafa farin kwalli suka fito a matsayin Turawa, abin da ya mayar da gidan Di'o wani irin wasan dodanni shi ma. Irin wannan dabara dandamali na ɗaukar ta cikin sauƙi, allon da ya rungumi zahiri kuwa ba ya ɗauka. Bandele ba baƙon dandamali ba ne. Haifaffen Kafanchan ne, ya karanci wasan kwaikwayo a Ife, ya baddala Things Fall Apart na Chinua Achebe zuwa wasan dandamali a 1997, kafin ya shirya fim ɗin Half of a Yellow Sun a 2013. Ya san abin da yake bari da abin da yake ɗauka, ya zaɓi zahiri da harshen gida, ya kuma rasu a watan Agusta na 2022, makonni kaɗan kafin a nuna aikin. Shi kansa Soyinka tsohon hannu ne a wannan rikici. Wasansa My Father's Burden yana cikin na farko-farko da tashar talabijin ta Ibadan ta nuna a 1960, shekara guda bayan buɗe ta, amma da aka yi fim ɗin Kongi's Harvest a 1970, ya nesanta kansa da sakamakon duk da cewa shi ne ya fito a matsayin Kongi.

Abin Da Ya Shafi Manhajar Hausa

Tarihin rubutaccen wasan Hausa ya bi wata hanya dabam, kuma ya kamata masu tsara manhaja su riƙe wannan. Da yawa daga cikin wasanninmu daga iska suka sauko takarda. Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi a rediyo aka fara jin su, haka ma Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. Wasannin da suka yi tashe a talabijin, irin su Samanja Mazan Fama, ƙarfinsu na ga ɗan wasa da abin da ya zo bakinsa a gaban kyamara. Saboda haka ɗalibin Hausa ya fi sabawa da wasa a akwati fiye da wasa a dandamali, kuma da yawa sukan gama sakandare ba su taɓa ganin an gabatar da littafin da suka yi jarrabawa a kansa ba. Irin wannan ɗalibi shi ya fi saurin ɗaukar fim a matsayin littafin kansa. Jarrabawa kuwa a kan matani ake yin ta, kuma mai duba takarda ba zai ba da maki ga fitowar da darakta ya ƙara ba.

Shawarar da ta fito daga wannan nazari ita ce manhaja ta ambaci baddala da sunanta, a matsayin batun nazari mai zaman kansa a manyan azuzuwan sakandare da kwalejojin ilimi, maimakon a bar ta cikin jerin kayan taimaka wa koyarwa tare da allo da alli. A fara da karatu, ɗalibai su tashi su taka fitowa ɗaya ko biyu a gaban aji, ko da kujeru ne kayan fage, sa'annan a kalli wannan fitowar ita kaɗai a allo. Minti goma da aka tattauna sun fi fim sukutum da aka kalla aka watse. Tambayoyin ma ba masu wuya ba ne: me littafi ya ɓoye wanda allo ya nuna, maganar wa aka rage, wa kyamara ta bi wa ta ƙyale, da wane harshe kowane tauraro ya yi magana kuma da wa. Ga ajin da ke karanta Soyinka, sauraron harshen da aka ba Olunde a gaban Jane, da duba yadda aka sarrafa kamun Elesin, sun isa su buɗe muhawarar jigo gaba ɗaya. Tun da wasan ya ƙunshi kashe kai bisa wata tsohuwar al'ada, wajibi ne malami ya bayyana tun farko cewa nazarin imanin taurari ba amincewa da shi ba ne, kuma hoto ya fi rubutu saurin shiga zuciyar yaro, don haka sai malami ya riga ɗalibansa kallo.

Malamin Hausa ba sai ya je aro ba kafin ya gwada wannan. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka buga a 1979, Brendan Shehu ya mayar da shi fim a farkon shekarun 1990. Shaihu Umar kuwa yana da siga uku: ƙagaggen labarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da wasan da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fitar daga gare shi a 1975, da fim ɗin Adamu Halilu na 1976. Wannan fim ya daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ketare hamada da mahaifiyar Umar ta yi tana neman ɗanta ya isa abin gwaji: ɗalibai su ga yadda labari ya faɗe shi, yadda dandamali ya yi dabarar nuna shi a fili mai taku kaɗan, da yadda kyamara ta shimfiɗa shi. Abin da ya rage shi ne hukumomin da abin ya shafa su nemi izinin samar da kwafin waɗannan fina-finai ga kwalejojin da ke horar da malaman Hausa, tare da ɗan littafin jagora da ke nuna fitowar da ta dace da kowane darasi.